Ranar da Kaka Agnes Ta Amsa wa Kaset

Har yau ban manta da ranar da wata tsohuwa ta yi tafiyar yini guda a bas, ta zo kwalejinmu don kawai ta saurari kaset ba. Kun ce in ba ku labari ɗaya daga shekarun da na yi a aikin kula da ɗalibai, ku ƙannena da kuka shigo shi kwanan nan. To ga shi. Sai dai zan ɗan koma baya, domin ba kowa a cikinku ya san irin ofishin da na zauna ba.

Ni Habibu mutumin Kano ne. Karatu ya kawo ni New York, aiki ya riƙe ni. Na fara ne a babban ofishin ba ɗalibai shawara na wata kwaleji a nan birnin, inda muke zama da ɗalibi mu duba kwasa-kwasan da ya ɗauka, mu gaya masa abin da ya rage masa kafin ya kammala. Bayan shekara huɗu aka ɗaga ni zuwa mataimakin jami'i, aka tura ni wani ɗan ofis a ƙarshen baranda, mai kula da ɗalibai 'yan asalin ƙasar nan, wato jikokin mutanen da Turawa suka tarar lokacin da suka zo. Mu biyu ne kawai a ciki, ni da shugabata Misis Lorraine, mata mai kimanin shekara sittin, 'yar ƙabilar Mohawk, mai furfura har gadon baya da magana ƙasa-ƙasa.

Gaskiya ban yi murna da canjin ba. A zatona mutanen nan sun ƙare, ko kuma suna can wani wuri mai nisa da dawaki da gashin tsuntsu, yadda muka gan su a fina-finan kaboyi muna yara. A makon farko Misis Lorraine ta tambaye ni yadda ake kiransu da harshenmu. Ban yi tunani ba na ce Indiyawan daji, har da fassara mata. Ba ta ɓata rai ba. Ta nuna taga, inda motocin haya ke ta hon a ƙasa, ta ce, "Ga dajin nan, Mista Habib. A kansa kake zaune." Daga ranar ban ƙara furta wannan suna ba.

Ga yadda tsarin yake, ga wanda bai sani ba. Idan makin ɗalibi ya faɗi ƙasa da ƙa'ida zango biyu a jere, sai ofishin rajista ya sa sunansa a jerin waɗanda za a sallama. Ana ba shi mako biyu ya ɗaukaka ƙara gaban wani kwamiti na malamai, shi kuma jami'insa ya cika fom ya faɗi dalilin faɗuwar. Fom ɗin yana da gurbi huɗu: rashin lafiya, rasuwa a gida, canjin aiki, da wani gurbi a ƙasa da aka rubuta "wani dalili". Duk wanda ya daɗe a aikin ya san kwamiti ba ya son gurbin nan na ƙarshe.

A jerin wani zangon kaka, lokacin da sanyi ya fara shigowa, na ga sunan Raymond. Na yi mamaki, don na san shi. Mutum ne ɗan shekara arba'in da 'yan kai, ƙato mai faɗin kafaɗa, ya yi shekaru yana tura gadajen marasa lafiya a wani asibiti kafin ya dawo makaranta ya karanci aikin jinya. A shekararsa ta farko ba wanda ya fi shi maki a ajinsu. Na kira shi, ya zo ranar Litinin, riƙe da wani tsohon kwalin takalmi a cikin leda. Ya zauna ya ɗora kwalin a cinya.

Na ce, "Raymond, malamai sun ce ba ka zuwa aji. Me ya faru?"

Ya ce, "Kullum ina fitowa da niyyar zuwa. Sai in wuce tashar."

"Barci kake yi a jirgin ƙasan?"

"A'a. Sauraro nake yi."

Ban tambaye shi sauraron me ba. Idona yana kan fom. Na bi gurabun ɗaya bayan ɗaya. Lafiyarsa ƙalau, aikinsa bai canja ba. Mahaifinsa ya rasu, amma shekara ɗaya da rabi ke nan, ƙa'ida kuwa ta ce sai rasuwar ta faɗo cikin zangon da ake magana a kai. Na yi masa ta'aziyya, na ce ya rubuta ƙararsa, amma kada ya sa rai da yawa. Ya yi godiya, ya ɗauki kwalinsa ya fita.

Tsakanin teburina da na Misis Lorraine ba kome sai wani siririn katako. Ta leƙo ta ce, "Me ke cikin kwalin?"

Na ce, "Ban tambaya ba, Madam."

Ta ce, "Mutum ya ɗauko kwali tun daga Brooklyn ya ɗora a cinya a gabanka. Bi shi."

A bakin lif na cim masa.

Kaset goma sha ɗaya ne a cikin kwalin, da wata 'yar tsohuwar rikoda ta aljihu. Raymond ya gaya mana cewa mahaifinsa yana cikin mutanen Mohawk da suka shahara da haɗa ƙarafan dogayen gine-ginen birnin nan, masu tafiya kan ƙarfe a sama ba tare da jiri ya ɗebe su ba. Duk rayuwarsa bai taɓa jin uban ya furta kalma ɗaya da harshensu ba. Yana yaro ya taɓa tambaya, uban ya ce, "Ba abin da zai tsinana maka." Da suka zo kwashe kayan marigayin ne ya tsinci kwalin a bayan kabad. Ya yi wata da watanni bai taɓa shi ba. Ranar da ya saka kaset na farko, sai ya ji muryar ubansa tana zuba, awa bayan awa, cikin harshen da bai san ko "zo" ba a cikinsa.

Ya ce, "Kalma ɗaya kawai nake ganewa. Sunana. Yana ta dawowa." Sannan ya ce, "Ba mu rabu da daɗi ba. Shekara uku ba ma magana kafin ya mutu. Ban sani ba ko albarka yake sa mini, ko tsine mini yake yi."

Misis Lorraine ta sa abin ji a kunne ta saurara na minti biyar. Da ta cire, idonta ya kaɗa. Ta ce ta tsinci "ruwa", ta tsinci "godiya", sauran ya fi ƙarfinta. A nan ne ta yi mini bayanin abin da ban sani ba. A zamanin iyayensu ana ɗauke yara daga gida a kai su makarantun kwana masu nisa, inda ake dukansu in sun yi yarensu. Da yawa sun dawo da bakin a rufe, suka ƙi buɗe shi ga 'ya'yansu. Mahaifiyarta ma haka ta dawo. Ta ce, "Ni kaina rabin kurma ce a harshena. Amma na san wadda ba kurma ba."

Wannan ita ce Kaka Agnes, tsohuwa mai shekara tamanin da wani abu, tana zaune can arewa, bakin babban kogin da ke kan iyakar Kanada. Ba a aika mata irin wannan ta waya ko ta kwamfuta. Sai an je an roƙe ta ido da ido, da ɗan ƙunshin taba a hannu, yadda al'adarsu ta tanada. Misis Lorraine ta tafi a ƙarshen makon da motarta. Ranar Litinin ta dawo ta ce tsohuwar ta yarda za ta zo da kanta, amma sai bayan kwana goma. Wa'adin Raymond kuwa saura mako guda.

Daga nan aikina ya fara, irin aikin da ba wanda ke ɗaukar hotonsa. Na fara zuwa wajen shugaban kwamiti, wani farfesan lissafi mai gaskiya amma mai tsauri. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Labarin yana da taɓa zuciya, amma ba dalilin karatu ba ne."

Na ce, "Yallaɓai, ban zo neman a yafe masa ba. Lokaci na zo nema. In bayan mako biyu ba ni da abin rubutawa, ni da kaina zan sa hannu a sallamar."

Ya daɗe yana juya biro, sannan ya ba ni kwana goma a kan wa'adin.

Kaset ɗin kuwa na kai su sashen na'urori na laburare, wajen Alhaji Issaka, Bahaushen zangon Kumasi, wanda muke sahu ɗaya da shi a masallacin Juma'a a Harlem. Ya ɗaga ɗaya ya duba a hasken fitila, ya girgiza kai. "Malam, kaset nga ya gaji paa. In ya ƙara juyawa sau biyu, shi ke nan." Guda biyu rikodar Raymond ta riga ta tauna su. Alhaji ya kwana uku yana kansu da fensir da ɗan almakashi da salatif, ya haɗa, ya kwafe su duka a kwamfuta. Da na je karɓa ya riƙe hannuna ya ce, "Ni ban ji kome ba cikin maganar. Amma ka gaya ma ɗan nan, mutumin nga ba faɗa shi ke yi ba. Mai zagi ba shi numfashi haka."

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne hayaƙi. Kaka Agnes ta ce ba za ta saurari muryar mamaci ba sai an fara ƙona wani ganye mai ƙamshi a ɗakin. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san yadda na'urar jin hayaƙi take. Uwargidana ta taɓa kunna turaren wuta a kasko a gidanmu na Soundview, ƙararrawa ta tashi, har maƙwabta suka fito da kayan barci. Jami'in kula da gobara na kwaleji ya ce sam. Na koma sau uku. A na ukun ya yarda bisa sharaɗi: za a kashe na'urar ɗaki ɗaya tak, na awa biyu, kuma dole wani ma'aikaci da ya yi horo ya tsaya a ciki da tukunyar kashe gobara muddin akwai garwashi. Ba mai horon a ofishinmu. Na je na yi, rabin yini a filin ajiye motoci ina fesa wa wani tire kumfa. Misis Lorraine ta san ni Musulmi ne, ta ce mini, "Ba wanda zai ce ka shiga cikin abin da muke yi. Kai mai gadin wuta ne." Na ce na gode, haka ya yi mini.

Ranar Alhamis da azahar Kaka Agnes ta iso. Na zaci zan ga wata babbar mace mai kwarjini. Sai ga 'yar ƙaramar tsohuwa da jan jaket da kambas, tana dogara sanda, tsawonta bai kai kafaɗar Raymond ba. Ta kalle shi sama da ƙasa ta ce da Turanci, "Ka ci abinci?" Ya ce a'a. Ta ce, "To sai ka ci. Ba a jin irin wannan da yunwa." Haka muka jira ƙaton mutumin nan ya cinye burodi da shayi a tsaye.

A ɗakin taro na hawa na uku muka zauna. Akwai Raymond, da Misis Lorraine, da ɗalibanmu biyar da Raymond ya yarda su zo, da Alhaji Issaka a bayan kwamfuta. Ni ina bakin ƙofa rungume da jar tukunyata. Tsohuwar ta kunna ganyen a cikin wani ƙoƙon kwanso, hayaƙin ya tashi siriri, mai ƙamshi kamar ciyawar da ruwan farko ya daka. Ta ce kada a ba ta abin kunne, a saki muryar kowa ya ji. Alhaji ya danna.

Iska muka fara ji, mai ƙarfi, da ƙarar ƙarfe na dukan ƙarfe, da hon can nesa kamar daga ƙasan rijiya. Sannan murya ta shigo, mai kauri, a hankali. Kaka Agnes ta rufe ido. Ba a yi minti ɗaya ba ta fashe da dariya. Raymond ya zabura.

Ta ɗaga hannu aka tsayar. Ta ce, "Yana cewa burodinsa ya daskare. Yana zaune kan ƙarfe a saman wani gini da ba a gama ba, lokacin hutun rana ne, sauran sun sauka. Ya ce a nan sama ba wanda zai ji shi, don haka bari ya yi magana."

Aka ci gaba. Muryar ta canja, ta koma mai tsari, kamar ta mai karatu. Tsohuwar ta daina dariya, ta gyara zama. Ta yi mana bayani cewa mutanensu suna da wata doguwar godiya da ake yi kafin a buɗe kowane taro. Ana farawa da mutane, a gode wa ƙasa, a gode wa ruwa da kifayen cikinsa, a bi tsirrai da itatuwa da dabbobi, a hau har zuwa rana da wata da taurari, a kai ga Mahalicci. Mutumin cikin kaset ɗin ya ce a bakin uwarsa ya ji ta kafin a ɗauke shi yana ɗan shekara bakwai, kuma yana maimaita ta ne don ya ga nawa ya rage masa. Haka muka bi shi, yana faɗa, ana tsayarwa, tana fassarawa. Ya wuce ruwa lafiya. Ya wuce itatuwa, yana ɗan tuntuɓe.

Da ya zo kan tsuntsaye sai ya tsaya. Ya koma baya ya sake ɗaukowa, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Ko ni da ban san harshen ba na gane mutum ne ke laluben abu a duhu. Sai ya faɗi wata 'yar magana da muryar tambaya, ya yi shiru. Ba abin da ke fita daga na'urar sai iska.

Kaka Agnes ba ta ce a tsayar ba. Idonta a rufe, ta ɗaga kai ta faɗi kalma ɗaya da ƙarfi, yadda uwa ke amsa wa yaro daga wancan gefen tsakar gida.

Iskar ta ci gaba da kaɗawa. Na ƙirga numfashina, ɗaya, biyu, har biyar. Sai mutumin da ke cikin kaset ya yi dariya, dariyar wanda ya tsinci abin da ya ɓace masa, ya faɗi kalmar. Ita ce dai, sak, har da inda muryar ke hawa da inda take sauka. Ya sake faɗin ta, sannan ya ci gaba da godiyarsa.

Na ji Alhaji Issaka ya ce, "La'ilaha illallahu," ya cire hannu daga kwamfutar kamar ta ƙona shi. Ni kuwa tsigar jikina ta tashi tun daga wuya har ƙafa, sai da na sauke tukunyar ƙasa. Na sani, kuma har yanzu na sani, mamaci ba ya ji ta rikoda. Shi da kansa ya tuno kalmar, shekaru da yawa kafin ranar, a kan ƙarfensa. Amma na ga abin da na gani. Mutum ya yi tambaya a sama, ba kowa kusa da shi, tambayar ta zauna a bayan kabad har ya mutu, kuma Allah ya kawo mai amsar ta zauna daidai wurin, ta amsa daidai cikin shirun da ya bari.

Wata ɗaliba ta tambaya, "Kaka, me ya ce?"

Ta ce, "Cewa ya yi, Inna, me kike kiran ɗan tsuntsun nan mai kuka kafin ruwa ya sauko?" Ta buɗe ido. "Ya tambayi uwarsa. Uwarsa ba ta nan. Ni ke nan."

Raymond bai motsa ba duk wannan lokacin. Hannuwansa biyu suna kan gwiwa. Ya ce, "Sunana fa?"

Ta ce a bari ya kai ƙarshe. Muka saurara har aka wuce taurari. Sai ga sunan ya fito, Raymond, a tsakiyar baƙin harshe kamar dutse a cikin ruwa. Tsohuwar ta sa aka maimaita wurin sau biyu. Sannan ta juya kujerarta ta fuskance shi.

Ta ce, "A ƙarshen godiyar nan muna barin wuri. Muna cewa in akwai abin da muka manta, kowa ya ƙara nasa. Shi kai yake ƙarawa." Ta sa Alhaji ya tsallaka zuwa ƙarshen kaset na biyu, da na uku, da na huɗu. Kowanne da sunan ya rufe. A na huɗun akwai ƙari, ta fassara shi a hankali, jimla bayan jimla. Mutumin ya ce bai sa wa ɗansa harshen a baki ba domin shi da cusa sabulu a baki da dukan bel aka cire masa nasa, kuma bai taɓa tabbata cewa masu cirewar sun gama ba.

Raymond ya kifa kai a kan tebur. Ban taɓa jin babban mutum ya yi irin wannan kuka ba, ba ƙara, sai kafaɗu kawai ke tashi suna sauka. Ba wanda ya taɓa shi. Tsohuwar ta bar shi har ya ɗago da kansa.

Ba mu bi sauran duka ba, lokaci ba zai isa ba. Ta ce a sa mata na ƙarshe, wanda rubutun jikinsa ya nuna hannun mai shi ya fara rawa. A wannan babu iska, babu ƙarfe, sai ƙarar agogon bango da murya da ta tsufa. Jimla biyu kawai ta ji ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Wannan ba namu ba ne. Kowa ya fita. A nuna masa inda ake dannawa."

Ɗalibai suka tashi, Misis Lorraine ta tashi, Alhaji ya nuna wa Raymond maɓallin ya fita. Ni na tsaya. Na ce, "Kaka, ki yi haƙuri, takardar izini ta ce ba zan bar ɗakin ba muddin akwai garwashi."

Ta dube ni, ta dubi jar tukunyar. Ta ɗauki kofin ruwanta ta tsiyaya a cikin ƙoƙon, ya yi cuu. Ta ce, "Wuta ta mutu. Fita, ɗana."

Na fita na ja ƙofar. Mun kai minti arba'in a baranda. La'asar ta yi, ni da Alhaji muka shimfiɗa jaket a lungun matakala muka yi salla. Da aka buɗe ƙofar, Raymond yana zaune a ƙasa gaban kujerarta, tana sa shi maimaita sunan tsuntsun. Harshensa ya ƙi lanƙwasa, tana bugun gwiwarsa da yatsa tana cewa ya sake. Abin da ke cikin kaset na ƙarshe ban sani ba har yau. Ban tambaya ba, kuma wannan karon daidai na yi.

Da yamma a jirgin ƙasa mai lamba shida, ina komawa gida, na riƙa tunanin 'ya'yana, waɗanda nake yi wa Hausa suna amsa mini da Turanci. Ba wanda ya taɓa dukansu a kan harshe. Ni ne dai nake gajiya in bi su cikin Turancin don magana ta yi sauri. Wannan wani labari ne daban, amma a ranar ya fara.

Washegari na cika fom ɗin. Na yi alama a gurbin "wani dalili", na haɗa da shafi biyu, bayan na karanta wa Raymond kowace jimla ya yarda. Kwamiti bai yafe masa duka ba. Sun soke masa zangon gaba ɗaya, wato ya yi asarar wata huɗu na karatu, amma ba su sallame shi ba. Laburare suka nemi a bar musu kwafin muryar don masu bincike. Raymond ya ce a'a, Misis Lorraine ta tsaya masa, Alhaji Issaka ya goge nasa kwafin a gabanmu. Kafin tsohuwar ta koma ta gaya wa Raymond cewa daga yadda ubansa ke furta sunan wata kwanar kogi ta gane gidansu, kuma akwai waɗanda suka rage. Da bazara ya je. Ya dawo da hoton wata mata mai irin goshinsa.

Ya kammala, ya zama nas a wani asibiti a Bronx. Bayan kamar shekara biyu ya kira ni a ofis da rana tsaka. Ya ce an kawo musu wani dattijo da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa Turanci, 'ya'yansa suna tsaye suna kuka don yana magana ba sa ganewa, likitoci sun rubuta cewa ya rikice. Raymond ya zo canja masa ledar ƙarin ruwa, ya ji wata kalma da ya sani ta harshen ubansa. Ya sunkuya ya gaishe shi da ɗan abin da ya koya. Dattijon ya kama hannunsa ya ƙi saki. Raymond ya ce mini, "Ban fahimci ko rabi ba, Mista Habib. Amma na gane yana son ruwa, kuma na gane bai rikice ba. Na je na sa an gyara fayil ɗin."

To abin da zan gaya muku ke nan, ku da kuka fara. A wannan aiki ba mu ne masu magani ba. Ni ban san kalma ɗaya ta harshen mutanen nan ba, ko sunan tsuntsun na kasa riƙewa. Masu maganin suna can, tsofaffi ne a ƙauyuka, da iyaye, wani lokaci ma matattu. Namu shi ne mu roƙi kwana goma, mu nemo ɗaki, mu koma wajen jami'i sau uku har ya gaji ya sa hannu. Aiki ne da ake rainawa, ni ma na raina shi. Amma da ba a yi shi ba, da tsohuwar nan ba ta zauna a kujerar nan ba a ranar, da dattijon asibiti yana can an rubuta masa abin da ba shi ne ba. Ku yi ƙananan abubuwan nan da kyau, kamar kun san abin da zai biyo baya, ko da yake ba za ku sani ba. In kuma mai abin ya iso, aka ce ku fita, ku fita ku ja musu ƙofa.